Mota Tana Shan Baƙin Mai, Tana Hayaƙi: Kurakuran da Ke Sa a Sauke Inji a Banza

Da zarar tsohuwar mota ta fara busa hayaƙi ta salansa, maganar farko da mai ita zai ji a gareji ita ce, "Alhaji, ringi ne, sai an sauke inji." Wani lokacin hakan ne, ringin, wato zoben da ke jikin fistin yana hana mai shiga inda fetur ke ƙonewa, ya cinye. Amma sau da yawa ana yanke hukuncin tun ba a ɗaga bonet ba. Galibin motocinmu sun sha tafiya kafin su iso Kwatano ko Legas. Wadda ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, kuma mil 150,000 ya haura kilomita 240,000, in ma ba a mayar da mitar baya ba. Injin da ya yi wannan aiki ba abin mamaki ba ne ya ɗan sha mai. Abin da za a gano shi ne nawa yake sha, kuma ta ina.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne rashin awo. Ka tambayi mutum nawa motarsa ke sha, ya ce maka "sosai fa." Da wannan amsa ba a gyara. Ka ajiye motar a wuri mai shafe, ba gangare ba, ka duba sandar awon mai da safe kafin ka tayar da ita, ka cika zuwa layin sama, ka ɗauki hoton sandar da na mita a wayarka. Bayan kilomita 1,000, wato kamar zuwa Abuja daga Kano da dawowa, da ɗan yawon cikin gari, ka sake dubawa a wuri ɗaya. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin layin sama da na ƙasa kusan lita ɗaya ce. Injin da ke shan rubu'in lita a wannan tafiya, ƙara masa mai ya fi buɗe shi sauƙi nesa ba kusa ba.

Sannan ba duk man da ya ragu ne ya ƙone ba. Shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar ya kwana. Gasket ɗin murfin saman inji in ya bushe, mai kan tsiyayo ya sauka a kan bututun salansa mai zafi, sai ka ji ƙauri, hayaƙi na tashi ta bonet. Wannan yoyo ne, gyaran awa ɗaya. A wanke injin tsaf, a yi kwana biyu ana hawa, inda ya fara jiƙewa nan matsalar take. Akasin haka ma yana faruwa: mai na raguwa, ƙasa a bushe, salansa ba hayaƙi. Matatar hayaƙin da kanikawa ke kira indomi tana ƙone wani ɓangare kafin ya fito, har ranar da ta toshe motar ta daina ja.

Sai rikita launi. Farin tururin da ke fita da sanyin safiyar hunturu, ya watse nan take, ya daina in inji ya ɗumama, ba ciwo ba ne. Farin da ake tsoro shi ne mai kauri wanda ba ya yankewa, ga ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Nan gasket ɗin top, wato kan injin da ke rufe silindu, ake zargi, musamman in motar ta taɓa tafasa. Idan inji ya huce sarai, buɗe murfin lagireto ka tayar da ita. Kumfa na ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa alama ce. Kada a kuskura a buɗe murfin nan da zafi. Sandar awon ma takan fito da mai ruwan shayi da madara. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan: matatar iska, nozul ko sensa. Motar da aka cire wa tamostat mai daidaita zafin inji, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu, takan daɗe tana zuba fetur kamar har yanzu inji da sanyi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sabon ringi zai warkar. Hayaƙin baƙin mai shuɗi-shuɗi ne zuwa ruwan toka, yana da ƙauri, kuma yana daɗewa a iska.

Ko an tabbatar shuɗi ne, lokacin fitarsa ya fi launinsa ba da labari, kuma direba ba ya iya gani da kyau ta madubi. Sa wani ya bi ka a baya a kan babur. In motar ta kwana, ka tayar, ta yi gajimaren shuɗi na 'yan daƙiƙu sannan ta washe, robobin bawul ne suka tsufa suka ƙandare. Mai na bin ƙafar bawul yana ɗiga cikin silinda duk dare. Haka in ka daɗe tsaye a cunkoso sannan ka taka totur ta yi puf sau ɗaya, ko ka saki totur a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, ka sake takawa a ƙasa. Ringi kuwa ƙarƙashin nauyi yake tona kansa: hawan tudu, wuce tirela, mota cike da kaya, hayaƙin na ƙaruwa gwargwadon takawa. Bambancin kuɗi tsakanin gyaran biyun ba kaɗan ba ne, don robobin bawul ƙwararren bakanike na iya canza su ba tare da ya taɓa fistin ba. Mota mai tabo (turbo) kuma, a fara cire bututun da ke fita daga tabon a ga ko mai ya taru ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake tsallake ɗan bawul ɗin numfashin inji, PCV, wanda a yawancin motoci yake kan murfin sama da siririn tiyo a jikinsa. Aikinsa fitar da iskar da ke taruwa cikin inji. In ya toshe, iskar za ta tura mai ta kowace kafa. In ya maƙale a buɗe, inji zai riƙa zuƙar mai yana ƙonawa. Cire shi ka girgiza, irin na Toyota mai lafiya yana ƙara kas-kas. Kuɗinsa bai kai na galan ɗin mai ba. Shi ya kamata a fara dubawa, tare da tabbatar da cewa yaron da ya yi juye bai zarce layin sama ba, don mai fiye da kima ma yana sa hayaƙi.

Kafin kowa ya ɗaura sifana a kan top, a cire fulogai a jera su bisa tsarin silinda. Wanda bakinsa ya jiƙe da mai ko ya tara ɓawon toka, silindarsa ce mai laifi. Sai a nemi mai agogon awon kwamfireshan. Silindu kada su bambanta da juna fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokali ɗaya na mai ta ramin fulogi a sake awo: in ya tashi, ringi ne, in bai motsa ba, bawul ko gasket. Sai dai akwai tarko a nan. Ringin ƙasa, mai share mai daga jikin silinda, yana iya maƙalewa da datti alhali na sama biyu suna riƙe da iska daram, awo ya fito lafiya, mota na ci gaba da sha. Wannan shi ne sanannen ciwon injin 2AZ-FE mai lita 2.4 na Camry 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle. Toyota da kanta ta amince da matsalar a Amurka, ma'auninta kuma shi ne shan kusan lita ɗaya cikin mil 1,200. Gyaran da ta yi har da canza fistin, ba ringi kaɗai ba.

Maganin gaggawa da aka fi so shi ne zuba mai mai kauri, 20W-50, da gwangwanin tiritmen mai yauƙi. Hayaƙi kan ragu, gaskiya ne, shi ya sa dillalai ke son sa. Amma injin da aka ƙera don mai marar kauri irin 5W-20 hanyoyin mansa sirara ne, kuma ringin da ya riga ya maƙale ba kauri yake buƙata ba. Ƙara mataki ɗaya, kamar 5W-30, da yin juye a kan kari da mai na gaske ya fi. Jabun mai da jinkirin juye su ne suke haifar da dattin tun farko.

In awo ya nuna ringi ne da gaske, kada a yarda a zura sabo ba a auna ramin silinda ba. Ƙurar hunturu da ta ratsa yagaggiyar matatar iska, irin wadda ake hurawa da iska ana mayarwa shekara da shekaru, tana cinye jikin silinda, sabon ringi a faɗaɗɗen rami kuwa watanni kaɗan hayaƙi zai dawo. In ramin ya wuce iyaka, sai a kai wa masu boring su gyara ramin ko a nemi rabin inji a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Shi ma a cire fulogansa a duba, a leƙa ta murfin mai a ga ko ciki ya yi baƙin laka, kuma a rubuta kwanakin garanti a takarda kafin a biya.