Yadda ake zaɓar robar hannun babur mai ɗumi da yadda ake ɗaura ta

Idan ana tuƙa babur cikin sanyi, yatsu ne ke fara sandarewa, kuma su ne ke jan birki da kuloci. Shi ya sa a ƙasashen da ake dogon sanyi, kamar Ingila da Jamus da Kanada, robar hannu mai ɗumi ta zama ruwan dare, har kamfanoni irin su BMW da Honda da Triumph suna sayar da tasu tare da wasu baburansu. Tana da amfani kuma ga mai sammako cikin hunturu a Jos ko tsaunin Mambila ko Agadas. Roba ce kamar ta kullum, sai dai an binne siririyar waya a cikinta wadda ke ɗaukar zafi idan wutar batir ta ratsa ta. Aikin ɗaura ta bai fi awa biyu ba. Wurare biyu ne ake yawan samun matsala: wutar babur ɗin ta kasa ɗaukar nauyin, ko totur ya riƙa maƙalewa bayan an gama. Na farko asarar batir ce, na biyu kuwa yana iya cin rai.

Fara da wutar babur ɗinka

Kafin ka sayi komai, ka tabbatar injinka na iya ciyar da ita. Roba biyu, hagu da dama, suna jan amfiya 3 zuwa 4 a kan bolt 12 idan an ƙure zafi, wato wat 36 zuwa 48. Babban babur ba zai ji wannan ba. Amma ƙaramin mashin mai ƙarfin cc 100 ko 125, irin wanda ake acaɓa da shi, kwayil ɗinsa ƙarami ne, batirinsa ma ba ya ɗaukar caji mai yawa. Irin wannan batir, idan aka manta robar a kunne injin yana kashe, kafin awa ɗaya ta cika sitata ba za ta juya ba.

Ga gwaji mai sauƙi. Ɗora mitar auna wuta a kan batir injin yana kashe. Lafiyayyen batir zai nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan. Tayar da injin, kunna fitilar gaba, ka ɗan murɗa totur zuwa juyi 3,000 ko 4,000 a minti. Ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Yanzu samo ƙwan fitilar mota mai wat 55, ka jona shi kai tsaye a kan batir da wayoyi biyu. Ka kula, ƙwan yana zafi nan take, kada ka riƙe shi ta gilashi. Idan mitar ta tsaya a sama da bolt 13, babur ɗin zai ɗauki robar. Idan ta faɗi ƙasa da 12.5 kuma tana ci gaba da sauka, batir ne zai riƙa biyan bashin, kuma wata safiya zai ƙi tashi. A nan dabara ita ce ka mayar da fitilun babur ɗin na LED don ka rage musu ci, ko ka haƙura ka riƙa amfani da robar a matakin zafi na ƙasa.

Wadda za ka saya

Iri uku ne a kasuwa. Akwai cikakkiyar roba wadda ke maye gurbin tsohuwar, kamar HotGrips na kamfanin Oxford ko Apollo na Koso. Ita ce ta fi ƙarko da zafi. Akwai siririn faifai mai gam a baya wanda ake mannawa a ƙarfen hannun babur sannan a mayar da tsohuwar roba a kai. Yana da araha, kuma hannu ba ya ƙara kauri. Akwai kuma wadda ake naɗewa a kan roba a cire idan sanyi ya wuce. Ta ukun tana sa hannu ya yi kauri, tana kuma iya zamewa a kan totur, masu aiki da wutar USB a cikinsu kuwa ɗuminsu bai taka kara ya karya ba. Ga mai tuƙi kullum, ta farkon ce ta cancanci kuɗinsa.

Auna kaurin ƙarfen hannun babur ɗin. Yawancin babura milimita 22 ne. Manyan irin su Harley-Davidson inci ɗaya ne, wato milimita 25.4. Cikin kwali za ka ga ramin roba ɗaya ya fi na ɗayar faɗi. Ba kuskure ba ne: mai faɗin ta dama ce, domin a kan bututun totur take zama, ba a kan ƙarfe ba. Auna tsawon tsohuwar robarka ma, galibi tsakanin milimita 120 da 130. Wasu ana iya rage musu tsawo, amma iyakar layin da kamfani ya zana. Ka wuce shi da wuƙa, ka datse wayar zafin, robar ta mutu ke nan. Idan akwai ƙarfen nauyi ko madubi a ƙarshen hannun, nemi roba mai buɗaɗɗen baki.

Dubi makunninta da kyau. Masu araha mataki biyu gare su, kuma a wasunsu matakin ƙasa ba ya rage cin wuta sosai, wani ɗan ƙarfe ne kawai ke ƙone rarar, shi ma ya yi zafin da zai narka roba idan ya jingina da ita. Masu kyau suna da mataki biyar ko fiye, suna katse wutar suna mayarwa da sauri, don haka ƙaramin zafi ƙaramin ci ne. Wasu kuma suna kashe kansu idan sun ga ƙarfin batir ya sauka. Maɓallin ya zama babba wanda za ka iya dannawa da safar hannu.

Kayan aiki: sukundireba, sifana mai lamba 8 da 10, reza, magagari, takardar gurza, sifirit da tsumma mai tsabta, mita, maka (alƙalamin ja layi), igiyoyin roba na ɗaure waya, da gam ɗin da ya zo cikin kwalin.

Ɗaurawa

1. Gwada ta tun tana hannu. Jona komai a kan batir, tayar da injin, ka jira minti uku zuwa biyar ka ji duka biyun sun yi ɗumi. Bayan an sa gam babu mayarwa.

2. Kwance batir, nagetif tukuna sannan fositif. Idan ka fara da fositif, sifana ta taɓa jikin babur, tartsatsi zai tashi.

3. Cire ƙarafan ƙarshen hannu, sannan tsohuwar roba. Idan ba ka da buƙatarta, tsaga ta da reza a tsaye. A dama kada ka danna rezar, bututun totur leda ce mai saurin tsagewa. Idan kana son adana ta, tura siririn sukundireba a ƙarƙashinta ka zuba sifirit, ko mai faci ya hura mata iska ta zame.

4. Kankare tsohon gam, ka goge ƙarfen da bututun da sifirit har tsumma ya daina baƙi. Ɗigon mai ɗaya ya isa hana gam kamawa.

5. Gyara bututun totur. Yawancinsu suna da ƙunya-ƙunya a jiki da tudu a baki, don riƙe tsohuwar roba mai laushi. Sabuwar tana da tauri a ciki, ba za ta hau kansu ba. Gurza su da magagari kaɗan-kaɗan, kana gwadawa, har robar ta shiga da ƙarfin hannu kawai, ba sako-sako ba. Kada ka buga ta da guduma, kada ka murɗa ta da ƙarfi har totur ya kai ƙarshe kana ci gaba. Haka ake karya bututun ko a miƙar da kebur ɗin totur.

6. Saita inda waya za ta fito, babu gam tukuna. Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi mutane suka fi yi wa gaggawa. Robar dama tana juyawa tare da totur, don haka wayarta da ɗan tudun da take fitowa daga ciki su ma suna juyawa. Ja birki har ƙarshe, murɗa totur daga rufe zuwa buɗe, ka duba ko tudun ya taɓa hannun birki ko akwatin maɓallai a wani wuri. Bar wa wayar lanƙwasa mai ɗan faɗi, kamar yadda za ka zura yatsu uku, yadda za ta bi juyin ba tare da ta miƙe ba. Bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin robar da akwatin maɓallai, haka kuma tsakaninta da ƙarfen ƙarshe. Saki totur daga buɗe: dole ya koma da kansa, ka ji ƙarar "ƙas". Idan ya koma a hankali, wani abu na gogarsa, nemo shi yanzu. A hagu kuma ka duba kuloci da maɓallin hon. Idan komai ya zauna, ja layi da maka daga robar zuwa akwatin maɓallai.

7. Sa gam. Shafa shi a kan ƙarfen ko bututun, ba cikin robar ba, siririn layi biyu ko uku. A dama kada ya kai bakin bututun ta kowane ɓangare, domin idan ya gangara tsakaninsa da ƙarfe totur ya daskare. Gam mai saurin kamawa daƙiƙu kaɗan yake ba ka: tura robar da motsi ɗaya har ta kai layin maka, kada ka tsaya a tsakiya. Bar shi ya kwana ya wuni kafin ka hau ko ka kunna zafi.

Jan waya

Bi hanyar wayoyin babur na asali, daga hannu zuwa wuyan babur, ƙarƙashin tanki, har wurin batir. Nesanta su da kan injin da salansa. Ɗaure su kowane taƙi guda, amma kada ka matse a wuya. Juya kan babur ya ƙure hagu, ya ƙure dama, ka ga babu wayar da ta miƙe ko ta shiga tsakanin ƙarfe biyu.

Idan makunnin yana kashe kansa, ana iya jona shi kai tsaye a kan batir yadda takardarsa ta nuna. Idan ba ya yi, sa rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, mai ƙafa huɗu, irin na hon ɗin mota; kowace ƙafa da lambarta a jikinsa. Ƙafa ta 30 tana zuwa fositif na batir ta cikin fiyus mai amfiya 5, kuma fiyus ɗin ya zauna dab da batir, kada ya wuce santimita 15. Ƙafa ta 87 tana zuwa jar wayar robar. Ta 85 tana zuwa nagetif. Ta 86 tana zuwa wayar da ke samun wuta sai an murɗa makulli kawai. Nemo ta da mita, ka tabbatar wutar batir ce. A ƙananan babura da yawa fitilun suna cin wuta ne kai tsaye daga kwayil, irin wadda ke sa rile ya riƙa kakkarwa. Wayar hon ko ta makunnin birki ta fi dacewa. Kada ka jona robar kanta a kan wayar fitilar baya, siririya ce, za ta yi zafi ko ta ƙona fiyus. Yi amfani da waya mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5, ka haɗa da dalma ko matsi, ba murɗawa da salatif ba. A sababbin babura masu kwamfuta, irin BMW na zamani, yanka wayar asali na iya jawo fitilar gargaɗi. A nan nemi mahaɗar da kamfani ya tanada don ƙarin kaya, ko ka kai wa ƙwararren mai wayarin.

Mayar da batir, fositif tukuna. Tayar da injin, juya kan babur hagu da dama. Idan ƙarar injin ta ƙaru da kanta, kebur ɗin totur ya matsu.

Idan ta ba da matsala

Hagu ta fi dama sanyi: wannan sananne ne, domin ƙarfe yana zuƙe zafin hagu, ledar totur kuwa tana tsare na dama. Hannun alminiyam ya fi yin haka. Ga masu faifai, naɗa salatif mai jure zafi zagaye ɗaya ko biyu a ƙarfen hagu kafin mannawa.

Ɓangare ɗaya ya mutu: cire mahaɗarsa ka auna da mita. Lafiyayya takan nuna 'yan om kaɗan (ma'aunin turjiyar waya ga wuta), kusan daidai da 'yar uwarta. Idan babu komai, wayar ta karye, kuma galibi a dama ne, daidai inda take fitowa, saboda ba a bar mata lanƙwasa ba.

Makunni yana kashe kansa a cunkoso: injin yana juyi a hankali, caji ya yi ƙasa. Rage zafi, ka sake auna batir da rektifaya, wato na'urar da ke daidaita cajin batir.

Roba tana juyawa idan ta yi zafi: mai ya rage a ƙarfen, ko gam ɗin ba mai jure zafi ba ne. Kada ka hau a haka. Cire, goge, sake mannawa.

Tafi ya yi zafi amma bayan hannu na sanyi: robar tafi kawai take ɗumamawa. Sa garkuwar hannu mai tare iska, ka zaɓi safar hannu mai kauri a baya, siririya a tafi, don mai kaurin tafi ita ke tare ɗumin kafin ya kai fata.