Yadda Ake Shirya Wa Masu Buƙata Ta Musamman Sansanin Hawan Igiyar Ruwa Daga Arewacin Kamaru

Hawan igiyar ruwa wasa ne da mutum ke kwanciya ko tsayawa a kan allo, igiyar teku ta ɗebo shi zuwa gaɓa. Guragu da makafi da masu yankakken hannu ko ƙafa suna yin sa, har ma an fara yi musu gasar duniya a La Jolla da ke Kalifoniya a 2015. Mu a Garwa da Marwa ba mu da teku, sai an gangara Kiribi ko Limbe. Don haka rabin aikin a gida ake gama shi.

Da farko a zauna da kowane mai son zuwa, a tambaye shi da bakinsa: me jikinsa ke iyawa, ina ne ba ya so a taɓa, yaya ya saba a ɗaga shi daga keken guragu? Kada a tsallake shi a tambayi ɗan rakiyarsa, wannan raini ne. Mai farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko gyambon kwanciya da bai warke ba, sai likita ya amince. Wanda bai karɓi katin naƙasa daga ofishin ma'aikatar jin daɗin jama'a ba, ya nema tun da wuri, domin dokar 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi wasu sauƙaƙe ga masu shi.

Sai sabo da ruwa, kuma nan ne ba a gaggawa. A yi hayar wurin ninƙaya na wani otal da safe kafin jama'a su cika. Wani zai ce ga Binuwai a bakin ƙofa, ga tafkin Lagdo, me ya kai mu biyan kuɗi? Akwai dorina, akwai tsargiya, kuma ruwan da ba a ganin ƙasansa ba wurin koyo ba ne. Abu uku ake so kowa ya ƙware a kai: riƙe numfashi fuska cikin ruwa, juyowa rigingine da kansa yana sanye da rigar ceto, da sakin allo in ya kife. Juyowar ita ce babba. Wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu amma kullum yana murza keke da hannu, sau da yawa za ka ga damtsensa ya fi na mai koya masa, cikin ɗan lokaci ya iya. Wanda hannunsa ba ƙarfi kuwa, kada a bar shi ya wuce tsawon hannun mataimaki ko da ƙiftawar ido.

A nan kuma ake horar da mataimaka. Kowane mahayi yana buƙatar aƙalla mutum biyu cikin ruwa, ɗaya ya tura allon lokacin da igiya ta iso, ɗaya ya tare shi kusa da gaɓa, sannan mai tsaye a tudu wanda ba shi da aiki sai kallo. Makaho da murya ake jagorantarsa, a tsayar da kalmomi gajeru: taho, riƙe, saki. Kurma kuma da alamar hannu. Mata su sami mata masu riƙe su, da riga da wando masu kama jiki kaɗan, don zane da dogon hijabi suna naɗe mutum cikin ruwa.

Allo mai taushi na soso ake nema, mai faɗi, a ɗaura masa mariƙa a gefe biyu. Kada a ɗaure mai koyo a jikin allo.

Tafiyar a sa ta tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ruwan sama ya lafa a bakin teku. Mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sai mota ta Edeya zuwa Kiribi. A tambayi masauki tun a waya ko keke yana shiga banɗaki, kuma a bar kwana guda na hutu bayan isa.

A gaɓa a nemi ƙwararren mai koyarwa ɗan wurin, a kuma tambayi masunta inda ruwa ke ja zuwa ciki. Keke ba ya tafiya a yashi, sai a shimfiɗa tabarmin roba ko katako har bakin ruwa. A fara a farin kumfa, wato inda igiya ta riga ta fashe kusa da gaɓa, ruwa iya ƙugu, ruf da ciki. Durƙuso da tsayuwa sai wanda ya nema. Minti ashirin ya isa a zagaye ɗaya. Da an fito a duba ƙafafun masu ciwon lakar ƙashin baya, domin yashi mai zafi ko ɓawon kifi yana iya ji musu rauni ba su sani ba. Keken ma a wanke shi da ruwan famfo a ranar, gishiri yana cin ƙarfe.