Kurakuran da mata ke maimaitawa a horon kare kai

Wai horon nan yana aiki kuwa? Yana yi, idan an koyar da shi daidai. A Kanada, binciken da Farfesa Charlene Senn ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2015, ya bibiyi ɗalibai mata kusan 900 a jami'o'i uku. Cikin waɗanda aka ba horon awa 12 kacal, kashi 5.2 cikin ɗari ne aka yi wa fyaɗe a shekara guda. Waɗanda aka raba wa takardun faɗakarwa kawai kuwa, kashi 9.8. Sai dai abin da yawancin masu farawa ke yi ba irin wannan horon ba ne.

Babban kuskure shi ne atisaye da abokiya mai sassauci. Ta riƙe miki wuyan hannu kamar mai gaisuwa, kin murɗa, ta saki, kowa ya tafa. Wannan wasan yara ne. Namijin da ya fi ki nauyi da kilo 20 ba riƙewa kawai zai yi ba, fizgo ki zai yi, ya haɗa ki da bango, numfashinki ya sarƙe. A nan ne jiki ke daskarewa, hannu da murya su ƙi motsi. Ba ragwanta ba ce. Wani bincike a Suwidin a 2017 ya nuna cewa kusan bakwai cikin kowane goma na matan da aka yi wa fyaɗe sun fuskanci wannan daskarewar. Dabarar da ba a taɓa gwada ta cikin matsi ba, ranar buƙata ba ta fitowa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Gyaran shi ne a hau mataki-mataki. Makon farko riƙo mai sauƙi, na biyu rabin ƙarfi, daga na uku abokiyar ta sa kariyar kai da ta ƙirji ta riƙe da gaske. Ki yi gudu a tsaye na daƙiƙa 30 kafin ki fara, don ki saba aiki cikin haki. Motsi huɗu sun isa: dukan hanci ko haɓa da gindin tafin hannu, gwiwar hannu, gwiwa zuwa matsematsi, sai ƙwace hannu ta ɓangaren babban yatsansa, inda riƙo ya fi rauni. Kowanne sau 20, kwana uku a mako. Ni dai na fi son huɗun nan su zauna a jiki da dabaru arba'in a ka.

Kuskure na biyu ya fi ban haushi. Ana ta shirya wa baƙon da zai ɓullo daga lungu da daddare, alhali galibi wanda aka sani ne: maƙwabci, saurayi, mai gida a wurin aiki, wani lokaci ɗan'uwa. Shi ba da duka yake farawa ba. Zai matso fiye da kima, ya taɓa kafaɗa, ya tura ƙofa, yana duba ko kunya za ta rufe miki baki. Kuma takan rufe. Haba 'yar'uwa, wata shida kina kareti amma ba ki taɓa ɗaga murya a ajin ba? Shi ya sa shirin No Means No na koya wa 'yan mata kare kai a unguwannin talakawa na Nairobi, mai darasi shida na awa bibbiyu, ya ba magana da ihu wuri babba. Ki tsaya, ƙafa ɗaya a baya, tafukan hannu a buɗe daidai ƙirji, ki ce "Matsa! Kar ka taɓa ni!" daga ciki, ba daga maƙogwaro ba. In kin san sunansa, kira shi da ƙarfi kowa ya ji. Ba murmushi, ba "don Allah".

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Naushi da dunƙulallen hannu kan karya ƙasusuwan bayan hannu idan ya haɗu da goshi. Shurin sama na tekwando na filin gasa ne, a cikin zani da silifas ke za ki fara faɗuwa, don haka kada shurinki ya wuce gwiwarsa. Atisaye da kayan motsa jiki kaɗai ma yaudarar kai ce. Ki riƙa yi da hijabin da kike fita da shi, domin idan aka fizgo shi ta baya kika ja gaba, shaƙe kanki za ki yi. Juyowa ake yi a fuskanci mai riƙon, ko a sunkuya a zare kai a bar masa hijabin.

Kada ki riƙa yawo da wuƙa a jaka, ana iya ƙwace ta a juya miki. In waya ko jaka yake so, jefa masa nesa ki bi ɗaya ɓangaren. Amma in ya ce ki shiga mota ko ki bi shi wani waje, a nan za ki yi ihunki da dukanki, don inda zai kai ki babu mai jin ki. Da zarar riƙon ya saki, kada ki tsaya ƙara masa ko duba ko ya faɗi. Ki nufi shago ko gidan da ke da mutane da haske.