Yadda ake tilasta wa iska ratsa silinda a injin jirgin sama

Girman ƙofar da iska ke shiga ba shi ke sanyaya inji ba. Abin da ke aikin shi ne bambancin matsi: a tara iska mai ƙarfi a saman inji, ƙasansa ya kasance da rauni, ta yadda ba ta da mafita sai ta tsakanin fika-fikan silinda, wato siraran faifan ƙarfe da ke jikinta masu fitar da zafi. Farantan tare iska, waɗanda makanikai ke kira bafil, su ke raba ɗakunan nan biyu, na saman inji da na ƙasansa.

Ana yanka su daga alminiyum mai kaurin inci 0.032, a bi gefensu na sama da robar silikon. A nan aka fi yin kuskure. Dole leɓen robar ya kalli sama da ciki, don matsin iskar ya manna ta da murfin inji. Idan ta lanƙwashe waje lokacin rufe murfi, iska za ta sulale ta baya. Duba cikin murfin: inda robar ke taɓawa za ka ga sawun gogayya, inda babu sawu akwai kafa.

Cikin duhu, sa fitila a ƙarƙashin inji ka leƙa ta sama. Duk hasken da bai biyo ta fika-fikai ba, toshe wurin da jan gam na silikon mai jure zafi. Kada ka manta da ƙananan farantan da ke tsakanin silinda ta ƙasa. Idan ɗaya ya saki, iska ta sami gajeriyar hanya.

A injin kamfanin Lycoming mai silinda huɗu, ta uku, wadda ke baya ta dama, ta cika yin zafi, saboda fika-fikan kanta na gefen baya ba su da zurfi, farantin baya kuma ya matse su. Wosha ɗaya tsakanin farantin da kan silindar tana buɗe wa iska hanya.

Sai awo. Lanƙwasa tiyo mai haske kamar harafin U, ka zuba ruwa, baki ɗaya a ɗakin sama, ɗaya a na ƙasa. Ana neman bambancin kusan inci 5 zuwa 6 tsakanin tsayin ruwan a ɓangarorin tiyon biyu yayin da jirgi ke tafiya. In ya gaza kuma babu kafa, mai yiwuwa ƙofar da iska ke fita ta ƙasan murfi ce ta yi kaɗan.

Iyakar zafin kan silinda a Lycoming digiri 500 ne na Faranhait, a injin kamfanin Continental 460, amma gara ka riƙe shi ƙasa da 400 idan kana son silinda ta daɗe.