Yadda ake amfani da alamar babban yatsa 👍 a saƙon waya, da inda ba ta dace ba

Alamar babban yatsa 👍 ba ta tsaya kan ma'ana ɗaya ba. Wanda ya tura ta yana iya nufin "na ga saƙonka", ko "na yarda", ko "abin ya yi kyau", ko kuma "to, magana ta ƙare". Wanda aka tura wa shi zai zaɓi wadda zai ɗauka, kuma yawanci gwargwadon halin da yake ciki a lokacin zai zaɓa. Duk rigimar da alamar take haifarwa daga nan take tasowa. Don haka kafin ka danna ta, yi wa kanka tambaya biyu. In ya ɗauka na amince, akwai abin da zan yi asara? In ya ɗauka na sallame shi ne, ransa zai ɓaci? Idan amsar duka biyun a'a ce, tura abarka. Idan ɗaya ta zama e, rubuta magana.

Inda ta fi dacewa shi ne saƙon da ba ya jiran amsa, sanarwa kawai ake yi maka. Abokinka ya ce "na iso Ƙofar Nasarawa, ina tafe". Abokin aiki ya ce an ɗage zama zuwa bayan La'asar. Shugaban zauren WhatsApp na unguwa ya ce za a yi aikin gayya a gyara kwata ranar Asabar. A irin wannan, yatsa ɗaya ya wadatar, har ma ya fi rubutu, domin a zaure mai mutum 200 in kowa ya rubuta "to, mun gode", sanarwar kanta za ta nutse, wanda ya buɗe waya da dare ba zai same ta ba.

A nan ya kamata a bambance hanya biyu ta tura ta, don ba ɗaya suke ba. Akwai tura ta a matsayin saƙo mai zaman kansa, wanda zai faɗo cikin hira, wayar kowa ta yi ƙara. Akwai kuma liƙa ta a jikin saƙon da ake amsawa, hanyar da WhatsApp ya kawo a watan Mayun 2022 da alamomi shida: 👍 ❤️ 😂 😮 😢 🙏, daga baya ya buɗe sauran. Yadda ake yi: ɗora yatsa kan saƙon ka danne na ɗan lokaci, jerin alamomin zai fito a samansa, sai ka taɓa wadda kake so. Za ta maƙale a ƙasan saƙon, kuma mai saƙon kaɗai za a sanar, ba duk zauren ba. Mutum ɗaya alama ɗaya yake iya liƙa wa saƙo ɗaya. In ka zaɓi wata, za ta maye gurbin ta farko. A zaure, wannan hanya ta biyu ita ce daidai kusan kullum, saboda tana nuna ainihin maganar da kake amsawa. Yatsan da aka jefo cikin hira bayan saƙonni biyar sun wuce, ba wanda ya san wanne yake nufi, kowa kuma zai iya cewa nasa ne.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi buƙatar a nutsu. Cinikin Kano da yawa yanzu a waya ake ƙulla shi. Dillali a Dawanau ya turo farashin buhun masara ko riɗi, mai shago a Kantin Kwari ya turo hoton atamfa da kuɗin dila, wani a Singa ya turo lissafin katan-katan. Mai saye yana cikin adaidaita sahu, ya duba da ido ɗaya, ya danna 👍 da niyyar "na gani, zan waiwaye ka". Shi kuwa mai kaya ya karanta "na saya", ya ware kayan, ya hana wani da ya zo da kuɗi a hannu. Da yamma sai a fara "ai ka amince", "ni ban ce na amince ba". Kowannensu gaskiyarsa yake faɗa, alamar ce ta ɗauki maganar biyu.

Kada a ɗauka abin ya tsaya kan cacar baki. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada ta yanke hukunci kan irin wannan. Kamfanin sayen hatsi na South West Terminal ya tura wa wani manomi hoton takardar kwangila ta waya a 2021, ya nemi ya tabbatar. Manomin ya amsa da 👍. Lokacin kai kaya ya zo bai kai ba, farashi kuma ya riga ya tashi. A kotu ya ce shi yana nufin saƙon ya iso ne kawai. Alƙali ya duba yadda suka saba hulɗa, ya ga a baya da gajerun kalmomi manomin yake amincewa da kwangila kuma ya cika, sai ya ɗauki yatsan a matsayin amincewa, ya umarce shi ya biya diyyar dalar Kanada kusan dubu 82. Hukuncin na Kanada ne, amma a Najeriya ma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da bayanan na'ura a gaban kotu idan an cika sharuɗɗa. Tun kafin a je kotu ma, in aka kai ƙara wajen shugabannin kasuwa, hirar wayar za a fara buɗewa.

Saboda haka a harkar ciniki, bashi, haya ko adashi, a rubuta abin da ake nufi da adadinsa. "Na gani, Alhaji, amma ban yanke ba tukuna, zan kira ka bayan Azahar." Ko "Na amince, buhu 20 a kan farashin da ka faɗa, a loda gobe." In kai ne mai kaya aka amsa maka da yatsa, kada ka ɗaure kaya a kansa, tambaya: "Wato in ware maka ke nan?" Haka nan in an turo maka hoton rasit na tura kuɗi, kada ka danna 👍 sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna. Rasit na bogi yana yawo, kuma mai turo shi zai riƙe yatsan nan a matsayin shaidar ka karɓa. In kuɗin sun shigo, rubuta "sun shigo, naira kaza". In ba su shigo ba, rubuta "har yanzu ban ga alat ba".

Game da manya kuwa, alamar daga sama take sauka, ba ta hawa. Maigida zai iya amsa wa yaron shagonsa da 👍, malami ga ɗalibi, uba ga ɗa, ba wanda zai ga laifi. Amma Kawu ya rubuto maka doguwar nasiha, ko Gwaggo ta yi saƙon murya na minti uku tana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, ka mayar da yatsa tilo, tamkar ka zo wucewa ta ƙofar gida ne ka ga dattijo a zaune ka ɗaga masa hannu ba ka rusuna ba. Ba sai ka yi dogon rubutu ba. "To Kawu, na ji, in sha Allahu zan kiyaye. Allah ya ƙara girma." Layi ɗaya ne, bai kai rabin minti ba. Surukai sun fi kowa buƙatar wannan kulawa. Ga shugaba a wurin aiki ma, "To Yallaɓai, an gama" ta fi, sai dai in shi da kansa ya ce a riƙa liƙa alama don ya san wa ya karanta.

Sallama ba a amsa ta da yatsa. Wanda ya ce "Assalamu alaikum" haƙƙinsa ne a ce masa "Wa alaikumus salam". Addu'a kuma "amin" take nema, ko 🤲 tare da amin ɗin.

Wurin da ta fi muni shi ne sanarwar rasuwa, rashin lafiya, haɗari ko gobara. Sau da yawa mai dannawa ba mugunta yake nufi ba, "na samu labari" yake son cewa. Amma ɗan mamacin da zai buɗe zaure ya ga babban yatsa a ƙarƙashin sanarwar jana'izar mahaifinsa, "madalla" zai karanta, kuma zai daɗe bai manta sunan wanda ya liƙa ba, tunda taɓa alamar kawai zai yi sunayen su bayyana. A rubuta "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri". Ga mara lafiya, "Allah ya ƙara sauƙi". In na kusa ne, a kira, a kuma taka a je. Ko a abin farin ciki, haihuwa ko ɗaurin aure, yatsa shi kaɗai ya yi rowa. "Barka, Allah ya raya" ita ake jira, in ya so alamar ta biyo baya.

Tsakanin miji da mata, ko masu neman aure, a lura da tsawon abin da aka rubuto. Ta zauna ta tsara layi goma tana faɗin abin da ke damunta, ka amsa da 👍, to ka ce mata "na ji, ki ƙyale ni". In ba ka da sukunin amsawa, faɗi hakan: "Ina kasuwa, zan kira ki in na tashi." A tsakiyar saɓani kuwa kada a kusance ta sam, don a lokacin gatse ake karanta ta.

Akwai kurakuran da na'ura ce ke jawo su. A allon alamomi 👎 tana maƙwabtaka da 👍, yatsa yana zamewa, don haka a duba kafin a tura. A manhajar Messenger ta Facebook akwai shuɗin yatsa a gefen wurin rubutu wanda taɓawa ɗaya ke tura shi nan take, shi ya sa yake yawan tafiya ba da niyya ba. Idan ka liƙa alama bisa kuskure a WhatsApp, taɓa ta a ƙasan saƙon, sunanka zai fito, ka taɓa shi ta cire. Sai dai mai yiwuwa mai saƙon ya riga ya gani, don haka in a kan sanarwar rasuwa ce ko maganar kuɗi, bi da rubutu: "Afuwan, hannu ne ya taɓa." Kada kuma a musanya ta da 🖐️ da sunan gaisuwa, yatsu biyar a ware, a wurin Bahaushe, daƙuwa ce.

Launin fata ba ya canza ma'ana. Alamar ta shiga Unicode, wato tsarin haruffa da alamomin da na'urori suke amfani da shi, a 2010, a 2015 aka ƙara launuka biyar bayan ruwan ɗorawar asali. Danne ta a allon alamomi za su fito ka zaɓa.

In saƙon tes za ka tura ba na intanet ba, ka tuna tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa alama irin wannan sai ya koma 70, saƙon ya rabu biyu ko uku, a caje ka kuɗin kowanne. Ƙananan wayoyi masu madannai, irin waɗanda iyayenmu da yawa suke riƙewa, galibi ba sa nuna ta. Ɗan akwati ko alamar tambaya za su gani. Ga mai irin wannan waya, rubuta "to" ko ka kira shi.