Yadda Za Ka Zaɓi Tsohuwar Motar Alfarma ta Zama Motarka ta Farko

Duk wanda ya tara kuɗin sayen motarsa ta farko ya fara zagaya masu sayar da motocin hannu, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da abin da zai ɗauke masa hankali: ƙasaitacciyar mota ƙirar salun ta Mercedes-Benz ko BMW ko Lexus, mai shekara 15 ko 20 a duniya, kujerunta na fata, in an rufe ƙofarta ba a jin hayaniyar titi, amma kuɗinta bai wuce na wata ƙaramar mota marar ado da ta fi ta ƙuruciya ba. Ba laifi ba ne zuciya ta karkata gare ta, domin an ƙera waɗannan motoci da kyau ƙwarai, kuma mai lafiya a cikinsu tana da daɗin tuƙi da natsuwa a kan hanya. Sai dai kafin ka taɓa sitiyarinta ya kamata ka san cewa kuɗin sayenta ne kawai ya faɗi, kuɗin riƙe ta yana nan yadda yake tun ranar da ta fito daga masana'anta. Tayoyinta masu faɗi ne, birkinta na mota mai nauyi ne, injinta yawanci fetur mai inganci yake so, kuma ba a rage farashin ko ɗaya daga cikin waɗannan don motar ta tsufa. Wasu injinan Mercedes na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 suna da fulogi biyu a kowace silinda, wato 12 a inji mai silinda shida, 16 a mai takwas, saboda haka aikin da yake ɗan ƙarami a wata mota a nan ninki biyu ne.

Don haka matakin farko shi ne ka raba kuɗin da ke hannunka gida biyu tun kana ɗaki, kafin ka je ganin kowace mota. A ganina, kada kuɗin sayen ya wuce kashi biyu cikin uku na abin da ka tanada, sauran kuma ka ajiye shi domin gyaran shekarar farko. Ka tambayi kamfanin inshora abin da zai karɓa a kan ainihin ƙirar da kake so, domin sabon direba da babban inji suna ɗaga kuɗin inshora a ƙasashe da yawa. Ka lissafa man da za ta sha gwargwadon tafiyarka ta kullum, musamman in cikin gari za ka riƙa yawo, inda inji mai silinda takwas ya fi zuƙar mai. In lissafin ya nuna sai ka ƙarar da duk abin da kake da shi kafin ka mallake ta, to ba taka ba ce tukuna.

Bayan kuɗi sai zaɓen aji. Kowane kamfani yana da motar da ita ce ƙololuwar abin da yake ƙerawa, kamar S-Class ta Mercedes, da 7 Series ta BMW, da A8 ta Audi, kuma a cikinsu ake fara gwada kowace sabuwar fasaha. Abin da ya sa aka yi alfahari da su suna sababbi, shi ne yake zama nauyi a kan mai su bayan shekara 20, lokacin da wayoyi suka bushe, ƙananan kwamfutocin da ke cikinsu suka fara gajiya. BMW 7 Series da ta fito a 2001, wadda da ita aka fara tsarin iDrive na sarrafa na'urorin mota ta allo da maɓallin juyawa guda, misali ce ta motar da take cike da lantarki tun daga kujera har birkin ajiye mota, kuma ba na ba mai koyon riƙon mota shawarar ya fara da ita. Matsakaiciyar salun, irin su E-Class ko 5 Series ko Lexus ES da GS, ta fi dacewa, kuma a cikinta ma ka nemi mai silinda shida, mai sifirin na ƙarfe, wadda ba a cika mata kayan ƙawa ba.

Maganar sifirin tana bukatar a tsaya a kanta. Manyan motoci da dama ba a kan sifirin na ƙarfe suke zaune ba, a kan jakunkunan roba suke waɗanda wani ɗan famfo yake hura wa iska, kamar tsarin Airmatic da Mercedes ta sa wa S-Class ta 1998 zuwa 2005 da wasu daga cikin E-Class. Tafiya a kansu kamar a kan katifa take, amma roba tana tsagewa da tsufa, in jaka ɗaya ta fara yoyo sai famfon ya yi ta aiki ba hutu har shi ma ya ƙone, gyara ɗaya ya zama biyu. Idan motar da ka gani tana da wannan tsari, ka nemi a bar ta ta kwana a ajiye ka dawo da safe. In ka tarar wani gefe ya zauna ƙasa, ka san akwai aiki a gabanka.

Kowace ƙira tana da inda ciwonta yake, kuma masu gyaranta sun san shi sarai. Lexus LS400, wadda Toyota ta fitar a 1989, da magajiyarta LS430 sun yi suna wajen juriya, amma injinsu da bel yake daidaita buɗewar bawul, wanda ake so a sauya shi wajen kowace mil 90,000, kusan kilomita 145,000, kuma a LS430 in ya tsinke ana cikin tafiya fistin zai iya bugun bawul ya lalata injin. Lexus ES kuwa ginin Toyota Camry ne a ƙarƙashinta, abin da ya sa kayan gyaranta suka fi sauƙin samu, kuma ES350 da ta fito a 2006 sarƙa take amfani da ita maimakon bel. Idan za a bi ta tawa, ita ce mafi sauƙin riƙo ga mai farawa. BMW 5 Series ta 1995 zuwa 2003 tana da inji mai silinda shida a jere wanda yake daɗewa, amma lagireto da tankin ruwa da wasu sassan sanyaya injin na roba ne mai tauri da zafi yake gasawa har ya fashe, kuma zafi sau ɗaya tak ya isa ya lanƙwasa kan injin. E-Class ta 1995 zuwa 2002 an san ta da tsatsa, ta bayanta kuma, daga 2002 zuwa tsakiyar 2006, tana da birki mai aiki da lantarki da ake kira SBC, wanda famfonsa yake da tsada, har kamfanin ya cire shi lokacin da ya yi wa ƙirar kwaskwarima a 2006. Sanin irin waɗannan abubuwa shi ne zai ba ka tambayar da za ka yi wa mai sayarwa: an sauya bel ɗin, yaushe, kuma ina shaida?

Shaidar nan ita ce zuciyar cinikin. Motar da ta yi tafiya mai nisa a hannun mutum ɗaya da yake ajiye rasit na kowane juyen baƙin mai ta fi wadda mitarta ke nuna kilomita kaɗan amma ta bi hannu biyar babu takarda ko ɗaya. Irin wannan mota takan lalace ne a hannun mai ita na uku ko na huɗu, wanda ya saye ta da araha ya kasa ciyar da ita, ya yi ta ɗage gyara har ya taru, sannan ya wanke ta ya goge ya kai kasuwa. Kyan ɗan maciji ke nan. Ka duba lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17, wadda ake kira VIN, ka tabbatar wadda ke gindin gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta cikin takardu duk ɗaya ce. Da ita za ka bincika ko motar ta taɓa yin babban haɗari, ko akwai bashi a kanta, ko kamfani ya taɓa kiran a mayar da ita domin gyara, musamman game da jakunkunan iska masu kare mutum a haɗari, na kamfanin Takata, da aka janye daga miliyoyin motoci saboda suna iya fashewa su watsa gutsattsarin ƙarfe. Ka kuma gwada abin da mita ta ce da abin da idonka ya gani; sitiyarin da ya goge, da robar birki da ta cinye, da kujerar direba da ta lotsa ba sa tafiya tare da ƙaramar lamba.

Ka je ganin mota da rana, kuma ka roƙi kada a tayar da ita kafin ka iso. Ka ɗora hannu a kan injin ka ji ko da sanyi, domin ƙarar sarƙa da hayaƙi da wahalar tashi duk a tashin farko suke bayyana, da inji ya ɗumama sai su ɓuya. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilun gargaɗi na inji da na ABS, tsarin da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki, da na jakar iska sun kama duka, sannan su mutu bayan ta tashi. Fitilar da ba ta kama ba sam, mai yiwuwa kashe ta aka yi da gangan. Shuɗin hayaƙi a salansa alamar inji yana ƙona baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa kuma alamar ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Ka danna kowane maɓalli, gilasai da kujeru da madubai da na'urar sanyaya da rufin da ke buɗewa. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta cikin but ka taɓa, domin hanyoyin ruwan rufin sukan toshe, ruwa ya gangara ya taru a inda aka ajiye kwamfutocin motar. Ka nemi makulli na biyu, wanda yin sabonsa yake bukatar a haɗa shi da kwamfutar motar. A jikin kowace taya akwai jerin haruffa da lambobi, huɗu na ƙarshensu suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2318 na nufin mako na 23 na 2018, kuma tsohuwar taya ba abin dogaro ba ce ko da zanenta bai goge ba.

Tuƙin gwaji kada ya gaza rabin awa, a cikin cunkoso da kan buɗaɗɗiyar hanya, rediyo a kashe. Giya ta riƙa shiga a hankali babu fizga babu jinkiri, allurar zafi ta tsaya wuri ɗaya, sitiyari kada ya yi rawa in ka taka birki.

Duk da haka idonka ba zai wadatar ba. Ka biya makanikin da ya ƙware a kan wannan ƙira, wanda kai ka nemo shi ba mai sayarwa ba, ya ɗaga motar ya duba ƙarƙashinta, ya nemi yoyon mai da tsatsa da alamar walda, sannan ya jona mata na'urar bincike. Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996, da masu fetur a Tarayyar Turai tun 2001, suna da mahaɗin OBD da ake karanta lafiyar inji ta cikinsa, amma ƙaramar na'ura ta gama-gari inji kawai take gani, ana bukatar wadda ta san harshen kamfanin kafin a ga giya da birki da sauran sassa. Makanikin kirki zai kuma gane in an goge bayanan matsala kwanan nan, domin kwamfutar takan nuna ba ta gama gwaje-gwajenta ba. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan bincike, ka yi masa sallama. In kuwa babu mai gyaran wannan ƙira kusa da inda kake zaune, ko kayanta sai an yi makonni ana jira, ka sauya ƙira tun ba ka saya ba.

Akwai kuma abin da ya shafe ka a matsayin sabon direba. Yawancin waɗannan motoci tayoyin baya ne ke tura su, suna da nauyi da tsawo da ƙarfi, kuma a jiƙaƙƙiyar hanya bayansu yana iya zamewa in an taka mai da gaggawa a kwana. Ka nace a kan wadda take da tsarin hana zamewa, wanda Mercedes ta fara sa wa a 1995 da sunan ESP, BMW ke kira DSC, Lexus kuma VSC. Ba a wajabta shi a kan dukkan sababbin motoci ba sai daga ƙirar 2012 a Amurka da 2014 a Tarayyar Turai, amma motocin alfarma sun riga sauran samunsa da shekaru, kuma wannan na daga cikin dalilai na gaskiya da za su sa a fifita su a kan ƙaramar mota sa'arsu.

Ranar da ta zama taka, kada ka fara da sababbin ƙafafu ko kayan sauti. Ka juye baƙin mai ka zuba irin wanda littafin motar ya ambata, ka sauya matatun mai da na iska, da ruwan sanyaya inji, da man birki wanda ake son sabunta shi duk shekara biyu. Man giya ma ka sauya shi, ko da an ce maka na har abada ne, domin kamfanin ZF da ke ƙera giyar BMW da yawa shi da kansa yana ba da shawarar a riƙa sauyawa. Duk abin da babu rasit ɗin da ya nuna an yi shi, musamman bel da famfon ruwa, ka ɗauka ba a yi ba, ka yi shi daga cikin kuɗin nan da ka ware, sannan ka buɗe fayil ka fara ajiye takardun kowane aiki da kwanan wata da adadin kilomita.