Kitsen jikin yaro daga abincinsa yake: kurakuran da iyaye suka fi yi

Kuskuren farko shi ne ɗaukar kitse a matsayin abu guda. A ɗaga jariri a ce "tubarkalla, ya yi ɓul-ɓul", shi ke nan hankali ya kwanta. Alhali kitsen da ke ƙarƙashin fatarsa haɗin sinadaran maiƙo ne iri-iri, kuma abin da ake ba shi ne yake tsara yawan kowanne.

A 1975, Elsie Widdowson, masaniyar abinci mai gina jiki 'yar Birtaniya, da abokan aikinta sun auna kitsen jarirai a Birtaniya da Holan. Ranar haihuwa kusan duk ɗaya suke, sinadarin linoliyik, ɗaya daga cikin sinadaran maiƙon nan, bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na kitsensu ba. Jariran Holan da ake ba madarar gwangwani mai man masara, zuwa wata huɗu nasu ya kai kashi 32 zuwa 37. Na Birtaniya kuwa, masu shan madara mai maiƙon nonon saniya, bai haura kashi 3 ba. Jiki ba ya ƙera linoliyik da ɗan'uwansa alfa-linoleniyik, sai dai a ci su.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kunun yaye tsinkakke: gero, ruwa, sukari, babu ɗigon mai. Yaro ya sha cikinsa ya yi tim, bayan awa ɗaya yana kuka. Ki dama masa da ɗan kauri, ki zuba ƙullun gyaɗa ko garin waken suya, ko ƙaramin cokali na manja. Riɗi ma yana aiki.

Sai saurin sauya nono. Wanda yake fara zubowa tsinkakke ne, mai maiƙon yana ƙaruwa ne yayin da nonon yake saki. Kusan rabin ƙarfin da jariri yake samu a nono daga maiƙon nan ne, don haka ki bar shi ya saki da kansa kafin ki juya shi ɗaya ɓangaren.

Ita ma mai jego a kan cika ta da kunun kanwa da tuwo, a manta da kifi. Sinadarin DHA, wani nau'in maiƙo wanda ƙwaƙwalwa da idon jariri suke buƙata, yawansa a nono yana bin abin da uwa take ci. Kifin sadin ko taitus sau biyu a mako ya wadatar.

Masu tsoron ƙiba kuma, kada ku ba yaron da bai kai shekara biyu ba madarar da aka tsame wa maiƙo, sai in likita ne ya ce.